Macijin Kusugu ya sare ka: D&D ko Blades in the Dark?

Salamu alaikum 'yan group. Ƙanena na Daura da ya yi tambaya jiya, wai yana shirya wasan labari na tebur a kan rijiyar Kusugu, ɗan wasa ya zura guga maciji ya sare shi, ya za a yi da dayis a gane ko dafin ya kama shi, kuma D&D (wato Dungeons and Dragons) zai bi ko Blades in the Dark, cikin waɗannan tsarin wasa biyu? To bari in ajiye maka su gefe da gefe.

A D&D, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, kai mai jan labari ke sa lamba, ɗan wasa ya jefa dayis mai fuska 20 ya haɗa da makin ƙarfin jikinshi, in ya kai lambar ya tsira in bai kai ba ya sha. A bugu na biyar na 2014 akwai ƙaton maciji mai dafi, lambarshi 11, dafinshi dayis uku masu fuska shida, abin da suka bayar shi ake cirewa daga jinin jarumi, wato makin lafiyarshi. Ka ɗauka yaronka yana da ƙarin 2, kenan 9 yake nema ko sama, fuska 12 cikin 20, kashi 60 cikin ɗari. Kuma ko ya ci ba wai ya fita fes ba ne fa, rabin dafin zai sha. In ya faɗi ƙasa jininshi ya ƙare sai jifar mutuwa, 10 ko sama nasara ce, nasara uku ya tsaya da rai, faɗuwa uku sai dai a yi mashi addu'a, in kuma ya jefa 1 faɗuwa biyu ake rubuta mashi a take.

Blades na John Harper, 2017, shi kam ya juya abin gaba ɗaya. Kai za ka ce maciji ya sare ka ƙafa ta kumbura ba ka iya takawa, shi ɗan wasan ya ce a'a ban yarda ba, na janye ƙafata. Shi ke nan ya janye, ba a jifa don a ga ko ya yi nasara, nasara tabbas ce, kai dai ka yanke ko saran ya ragu ko ya kuce baki ɗaya. Jifar ta kuɗin da zai biya ce. Ya jefa dayis masu fuska shida gwargwadon makinshi, a ɗauki mafi girma a cire daga 6, abin da ya rage shi ne damuwar da zai ɗauka. Ya samu 4 damuwa biyu, ya samu 6 kyauta, ya samu shida biyu har a goge mashi ɗaya. Gidajen damuwa a takardar jarumi tara ne, in suka cika ya samu tabo a rai wanda ba ya gogewa, tabo huɗu mutumin ya yi ritaya. Kamar mai cin bashi a shago ne, yau an ba ka amma littafi na nan.

To wane? Wallahi na D&D ya fi tada hankali, kowa ya zuba ma dayis ɗin ido yana birgima, amma sabon ɗan wasa da ya ɓata awa yana gina jaruminshi jifa ɗaya ta kwantar da shi, da wuya ka sake ganinshi ranar Asabar. A Blades shi ke zaɓa da bakinshi, in ya ƙone kanshi da damuwa ba ya ce ka yi mashi mugunta.

Sannan ga maganar kaya, mai fuska 20 sai ka yi oda ko ka sa app a waya, shi kuwa mai fuska shida kowane kwalin ludo akwai. Ni dai don labarin Kusugu da yara sababbi Blades zan ɗauka, ka tara dayis huɗu ko biyar sun ishe ka. In 'yan teburinka masu son lissafi ne da faɗa da dodanni, nan kam D&D, ƙa'idojinshi na asali ma kyauta suke a intanet.