Gidan zanen da ake shiga kyauta: wasiƙa daga Landan zuwa Argungu

Yaya, gaisuwa mai yawa, da fatan an yanke shinkafa lafiya, Inna kuma tana samun sauƙin ƙafa. Ka tambayi inda nake kai yara ran Asabar a garin da komai sai da kuɗi. To, gidajen baje kolin zane-zanen zamani muke zuwa, kuma na daɗe ina son ba ka labarinsu, tun da kai malamin makaranta ne.

Babba a cikinsu shi ne Tate Modern. Tsohuwar tashar wutar lantarki ce a bakin kogin da ya ratsa Landan, aka gyara ta aka buɗe a 2000. Ba a biyan ko sisi a ƙofa, kamar sauran manyan gidajen tarihi na gwamnati tun 2001. Kuɗin tafiyar da shi daga gwamnati yake fitowa, da masu ba da gudummawa, da 'yan rajista masu biya duk shekara, da cinikin shago da wurin shan shayi. Baje koli na musamman ne kawai ake yankar wa tikiti, shi kam da tsada.

A 2023 sun ba El Anatsui babban zaurensu. Mutumin Gana ne da ya yi shekaru yana koyarwa a jami'ar Nsukka. Murafan kwalabe ya tara, irin waɗanda muke takawa a tasha, aka daddage su, aka ɗinke da wayar jan ƙarfe, aka rataye tun daga rufi, kamar an shanya taru a bakin kogin Matan Fada na Argungu. Daga nesa ja da ruwan zinariya kake gani. Sai ka matso za ka ga sunan kamfani a jikin kowane murfi, da ƙullin wayar da hannun mutum ya murɗa ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma aikin Yinka Shonibare, ɗan asalin Najeriya, wanda gidan ya saya a 2019: littattafai fiye da 6,000 a kan kanta, kowanne an naɗe shi da atamfa, a ƙeyar da yawansu an rubuta sunayen baƙin da suka zauna a Birtaniya da na 'ya'yansu. Wanda ya bar gida ba zai tsaya gabansa zuciyarsa ba ta motsa ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana wani ƙaramin gidan zane a unguwarmu. Da safiyar Asabar wata ma'aikaciya kan shimfiɗa darduma a tsakiyar ɗakin, ƙarƙashin zanen da ke bango, ta zaunar da yara ta karanta musu littafi mai hotuna. In ta gama sai ta nuna bango ta tambaye su abin da suka gani, kuma ba ta cewa wani ya yi kuskure. Daga nan a fito da takarda da almakashi da gam, kowa ya yi nasa ya tafi da shi gida. Manya ma suna da zaman karatu sau ɗaya a wata da yamma. Ana raba 'yan shafuka da suka shafi abin da ake bajewa, kowa ya karanta sakin layi a bayyane, a yi ta muhawara har mai gadi ya kaɗa makulli. Ranakun duk an liƙa su a ƙofa tun da wuri, kuma ba a sāɓawa. Wannan rashin sāɓawar shi ne ainihin abin da suka fi mu.

Ba komai nasu ya yi mini ba. Littafin hotunan baje kolin ya fi ƙarfin aljihun mai iyali, shayinsu ma haka. Taro da yawa sai ka kama wuri ta intanet, wanda bai iya ba ya rasa. Ba a taɓa kaya, kuma da wuya ka ga mai aikin ido da ido. A gida kuwa sai ka zauna gaban mai sassaƙa ƙwarya, ku gaisa, ka ga yadda yake ƙona zane da wuƙa mai zafi, ka ce ya ƙara maka fure a gefe, ku yi ciniki. Nan ba za ka sami wannan da kuɗinka ba.

Mu ma ba mu rasa gida ba. Gidan tarihin Kanta da ke Argungu an gina shi a 1831, fadar sarki ce har 1942, ya zama gidan tarihi a 1958. Bikin kamun kifi kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Sai dai aikin gidan tarihi adana na jiya ne, biki kuwa 'yan kwanaki ne a watse. Yaron da ke zana bayan manyan motoci fa, da mai zayyanar allo, da yarinya mai lalle, da matan da ke ɗinkin hula, ina za su rataye aikinsu mutane su zo kallo ba don ciniki ba?

Shi ya sa nake roƙonka, Yaya, ka nemi shugaban makarantarku ya ba da aron aji ɗaya ran Asabar ɗin ƙarshen wata. A ɗaura igiya a bango a rataye zanen ɗalibai, a gayyato mai sana'a ɗaya daga kasuwa ya yi aikinsa a gabansu, kai kuma ka karanta musu labari da Hausa. Fenti da buroshi zan ba wani mai zuwa gida da Sallah ya kawo. Littattafan Hausa a Kano ko Zariya za a saya, nan babu su, ka faɗa mini kuɗinsu in turo. Ka gaida Inna da su Anti da yara duka.