Haƙora bakwai da aka cire mini, da wata huɗun da na yi ina jiran na roba

Tun da aka sa mini haƙoran roba, mutum uku ne suka ja ni gefe bayan sallar Isha'i, kowa da muryarsa ƙasa-ƙasa: "Malam, akwai zafi?" Dukkansu sa'o'ina ne, dukkansu kuma suna fama da haƙori mai girgiɗi. Amsar ba ta tsayuwar ƙofar masallaci ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Shekaruna 58, ina koyarwa a wata Islamiyya a Kano, nakan kuma ja sallah a masallacin unguwa idan liman ba ya nan. Shekara tara ke nan ina da ciwon suga. Haƙorana ba rami suka yi ba. Dasashi ne ya yi ta janyewa, in na yi aswaki sai jini, haƙoran suka yi tsawo, daga baya suka fara rawa. Na daɗe ina lallaɓa su da kanumfari da ruwan gishiri, har ranar da na gatsi dabino na ji na gaba ya karkace.

A watan Disamba na 2024 ɗana ya kai ni wani asibitin haƙori mai zaman kansa. Likitar matashiya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta sa aka ɗauki hoton muƙamuƙina, ta buɗe shi a kwamfuta ta nuna mini inda ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori ya zaizaye. Ta ce suga da ciwon dasashi kowanne yana hura wa ɗan'uwansa wuta: suga ya hana dasashi warkewa, kumburin dasashi kuma ya hana suga sauka. Huɗu na gaba a sama, biyu a ƙasa, da turmi ɗaya ta hagu, waɗannan ta ce ba su da sauran magani. Sauran za a wanke a ceto su.

A ranar nake so a fara. Aka huda yatsana, suga ya nuna 13, wato ya hau sosai. Ta ajiye kayan aikinta ta ce, "Baba, yau ba zan taɓa ka ba. In na cire a haka, ramin ba zai warke da wuri ba, yana iya yin ruwa." Raina ya ɓaci, don na biya kuɗin kati da na hoto, na kuma tashi ɗalibaina da wuri. Amma wannan ƙin da ta yi shi ne dalilin da har gobe nake tura mata mutane. Masu zaren haƙori a bakin kasuwa ba sa tambayar suga, ba sa auna hawan jini. Bayan mako biyu na koma, likitana na suga ya gyara mini magani, awon ya sauko, aka fara.

Zama uku aka yi. Ga amsar masu tambaya: allurar kashe zafi ita ce mai ciwo, musamman wadda ake yi a ganɗa, kuma ba ta kai minti ɗaya ba. Bayan ta kama, leɓe ya yi nauyi kamar ba naka ba, abin da ya rage sai jin dannawa da wata ƙara a cikin kai. Na gaban nan da ma sun gama kwancewa, cikin minti goma an fitar da huɗu. Turmin ne ya yi gardama. Ya karye a hannunta, sai da ta raba saiwar ta fitar da ita gutsure-gutsure, ta yi ɗinki. Duk tsawon lokacin tana faɗa mini abin da za ta yi kafin ta yi, ta kuma ce in ɗaga hannun hagu in na ji zafi. Sau ɗaya na ɗaga, ta tsaya ta ƙara allura. Kayan aikin a gabana aka fasa ledarsu.

Inda suka gaza mini na farko shi ne bayanin yadda zan kula da wurin. Ma'aikaciyar jinya ta zayyano shi da sauri, ni kuwa bakina cike da auduga, kaina yana juyawa, sannan ta miƙo mini 'yar takarda da Turanci. An ce kada a kurkure baki na awa 24. Babu wanda ya haɗa mini wannan magana da alwala, a garin da kusan duk wanda ya zauna a kujerar nan zai yi alwala kafin rana ta faɗi. Ranar turmin na yi ta La'asar kamar yadda na saba tun ina yaro, na kurkure sau uku da ƙarfi, na tofar. Ashe gudan jinin da ke daskarewa a ramin shi ne murfinsa, a ƙarƙashinsa nama ke tsirowa. Na fatattake shi ban sani ba.

Kwana uku bayan nan ciwon ya zo. Ban taɓa jin irinsa ba. Yana tashi daga muƙamuƙi ya harba kunne, ya kama rabin kai, ga wani wari da ni kaina nake ji. Farasitamol bai ko taɓa shi ba. Uwargida ta kwana a zaune tana dafa mini ruwa. Da asuba muka kira lambar asibitin, kuma a nan dole in yaba: likitar da kanta ta ɗauka, ta ce mu zo ƙarfe takwas. Ta wanke ramin, ta cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari, kafin mu isa gida zafin ya kwanta. Ba ta karɓi ko sisi ba. Na ce mata, "Likita, don Allah ku riƙa cewa mutane su shafa ruwa kawai a baki wajen alwala ranar farko." Ta ce gaskiya ne, ta rubuta a takardarta.

Gazawa ta biyu ita ta fi yi mini ciwo, don ba ta jiki ba ce. Ni a zatona in an cire yau, mako mai zuwa a sa na roba. Sai da aka gama zama na uku aka ce mini sai na jira aƙalla wata uku, saboda dasashi da ƙashi suna motsewa bayan an cire haƙori, in an gwada da wuri abin zai yi sako-sako. Dalilin daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne lokacin da aka faɗa mini. Daga baya ma na ji cewa ana yin na wucin gadi: a ɗauki gwajin baki tun haƙoran suna nan, a haɗa, ranar da aka cire a sa maka ka fita da shi, in dasashi ya gama motsewa a yi ciko ko a sake. Ya fi tsada, amma da an tambaye ni da na biya, ko da bashi ne. Da na yi ƙorafi sai aka ce yawancin mutane ba sa iya kuɗinsa. Ai sai a bar mutum ya faɗa da bakinsa.

Azumin 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, ni kuwa ba haƙori ko ɗaya a gaba ta sama. Abinci bai dame ni sosai ba: kunu, koko, fura, faten dankali, tuwo mai laushi da miyar kuka, duk suna wucewa. Karatu ne ya gagara. Duk wanda ya koyi tajwidi ya san ث da ذ da ظ daga kan harshe da gefen haƙoran gaba na sama suke fita, ف kuma daga haɗuwarsu da leɓen ƙasa. Ko Fatiha na ɗauko, ina zuwa "siraɗallazina" sai iska ta kuɓuce. Na nemi a ɗauke mini jan tarawihi. A aji kuma wani babban ɗalibina na sa yana fitar wa yara haruffa, ni ina zaune ina saurare. Shekara talatin ina gyara wa 'ya'yan mutane mafitar harafi. Na yi kwanaki ba na son a yi mini doguwar gaisuwa, kullum hannuna ko gefen rawani yana kan bakina. Wannan wata huɗun, wallahi, sun fi mini allura da ɗinki nauyi.

Bayan Ƙaramar Sallah aka ɗauki gwaji. Wani gari ake kwaɓawa a zuba a abu mai kama da cokali, a danna a baki na 'yan mintuna. Yana tayar da zuciya, amma in kana numfashi ta hanci kana jurewa. Aka fara jera haƙoran a kan kaki aka gwada mini. Na ce sun cika fari, ba su yi kama da na mutumin da ya ci goro shekara arba'in ba, mai haɗawar ya sauya launin ba tare da musu ba. Na roba ne masu 'yar waya da ke maƙale wa sauran haƙora, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Makon farko yawu ya yi ta zuba, gefen na ƙasa ya ji mini ciwo a wuri biyu, sau uku ina komawa ana gogewa, duk a cikin kuɗin farko. Kullum bayan Asuba nakan karanta shafi biyu da ƙarfi har harshe ya san sabon wurinsa. A mako na uku liman ya saurare ni ya ce in shiga gaba. Rake da kilishi na haƙura da su, nama sai an yanka ƙanana, ba na gatsa komai da na gaba. Da dare ina cirewa in wanke da burushi mai laushi da sabulu in sa a kofin ruwa, ba ruwan zafi ba, don yana lanƙwasa robar.

Kuɗin kashi-kashi suka riƙa fitowa, na kati daban, hoto daban, kowane haƙori daban, magani daban, har ban san jimlar ba sai da aka gama. Yanzu robar ta sama ta fara sako-sako kaɗan, kamar yadda likitar ta ce za ta yi. Watan gobe zan koma wurinta a yi ciko, kuma wannan karon na sa an rubuta mini kuɗin da kwanakin da zan yi babu ita kafin in miƙa.