Canza Kuloci a Gida ko Kai Mota Gareji: Amsa ga Mai Tambaya

Ɗan'uwa, ka ce motarka ƙarama ce mai giyar hannu wadda tayoyin gaba ke ja, kuma idan ka taka totur a giya ta huɗu ko ta biyar sai inji ya ɗaga murya amma gudu ya ƙi ƙaruwa. Ka ce ka saba juye baƙin mai da gyaran birki da hannunka, shi ya sa kake tambaya ko ka canza kulocin a gida ne ko kuwa ka miƙa wa makanike. Amsata a taƙaice ita ce, ba ƙarfin hali ko son rage kuɗi ne ya kamata ya yanke hukuncin ba. Abin da zai yanke shi shi ne yadda aka gina motar, da kuma ko kana da abin da zai riƙe nauyin inji da giyabos yayin da kake kwance a ƙarƙashinsu.

Kafin komai, ka tabbatar cewa faifan kulocin ne ya cinye, domin a nan ne mai gyara a gida da makanike mai gaggawa suke yin hasara iri ɗaya. Alamar da ka bayyana ta zamewar kuloci ce, kuma akwai gwaji mai sauƙi: ka tsaya a fili inda babu kowa a gaba, ka ja birkin hannu, ka sa giya ta uku, sannan ka saki feda a hankali. Idan kuloci yana da lafiya inji zai mutu nan take, idan kuwa ya ci gaba da juyawa bayan ka ɗauke ƙafarka, to faifai yana zamewa. Kada ka maimaita gwajin sau da yawa, domin yana ƙona abin da ya rage. Amma idan matsalar ita ce giya tana ƙin shiga, ko feda ta yi laushi tana nutsewa har ƙasa, sau da yawa laifin yana ga mastan sama ko mastan ƙasa, wato famfuna biyu masu isar da takun feda zuwa kuloci ta hanyar mai, ko iskar da ta shiga bututun mai, ko kuma waya da ta saki a motocin da ke aiki da waya. Waɗannan yawanci ana gyara su ba tare da an sauke giyabos ba, kuma aiki ne da ya dace da gida ƙwarai.

Abin da ya sa canza kuloci ya bambanta da gyaran birki shi ne wurin da yake zaune. Faifan yana matse ne tsakanin fulawil, wanda ke ɗaure a bayan inji, da farantin matsi mai sifirin, kuma duka suna cikin kwanon da ya haɗa inji da giyabos. Cire tsohon kuloci da saka sabo ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, amma isa wurinsa shi ne aikin gaba ɗaya. A mota irin taka, wadda injinta ke kwance a gicciye, sai an cire batir da abin da ke kewaye da shi, an tsiyaye man giya, an kwance manyan notocin tayoyin gaba, an zare shaf guda biyu masu juya tayoyi, an cire kik, an kwance wayoyin canza giya, a wasu motocin ma sai an sauke ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da sitiyari da ƙafafun mota. Sannan da zarar an kwance robar da giyabos ke rataye a kanta, inji ya rasa madogara a wannan ɓangaren, dole a tallafe shi daga sama da sandar ƙarfe ko daga ƙasa da jak. A motar da tayoyin baya ke ja abin ya fi sauƙi, domin ana cire farfela ne, wato doguwar sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, a kwance ƙarfen da ke tallafe giyabos, a ja shi baya kai tsaye. Motar da ke ja da taya huɗu ita ce mafi wahala saboda ƙarin akwatin raba ƙarfi da nauyinsa, kuma ba na ba wanda bai taɓa yi ba shawarar ya fara da ita.

Idan aka zo maganar kuɗi, gida yana da rinjaye a bayyane, domin a yawancin ƙananan motoci ladan aiki yana kai kuɗin kayan ko ya wuce su. Sai dai lissafin yana canzawa idan ba ka da kayan aiki. Kana buƙatar jak mai ƙarfi, da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, da jak na biyu mai faffaɗan kai don giyabos, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da dogon hannun sifana don notin shaf wanda a motoci da yawa ake ɗaure shi da ƙarfin da ya haura Nm 200 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), da kuma ɗan sandan daidaita faifai, wanda sau da yawa yakan zo cikin kwalin sabon kuloci. Wanda zai ci gaba da gyaran motarsa shekara da shekaru, sayen waɗannan jari ne. Wanda zai yi amfani da su sau ɗaya kawai, abin da ya rage a ladan makanike ya tafi a kayan aiki. Ta fuskar lokaci kuwa gareji ne a gaba: makaniken da ke da rami ko na'urar ɗaga mota yakan gama a cikin yini ɗaya, mai farawa a gida kuma ya ware kwana biyu cur, ya kuma tanadi wata hanyar zirga-zirga, domin noti ɗaya mai tsatsa ko wani ɗan kaya da ya karye yana iya tsayar da motar har mako.

Maganar tsaro ita ce wadda ba na sassautawa a kanta. Giyabos na ƙaramar mota yakan kai kilo 30 zuwa 50, nauyinsa ba a tsakiya yake ba, kuma yakan kubce ne a daidai lokacin da sandarsa ta fita daga cikin faifai. A gareji mutum yana tsaye ne, yana da mataimaki da sarari. A gida kuwa yana kwance ne rigingine, motar tana bisansa da tazarar da ba ta wuce tsawon hannu ba, yana jijjiga ƙarfe mai nauyi da ƙarfinsa. Saboda haka jak kaɗai ba madogara ba ce, bulo da tubali kuma suna farfashewa ba tare da gargaɗi ba. Ana buƙatar daɓen siminti mai daidaito, da ƙafafun ƙarfe a wuraren da kamfanin motar ya nuna, da waigi a tayoyin baya, da cire baƙar wayar batir kafin a taɓa kik, da kuma mutum na biyu a kusa tun daga farko har ƙarshe. Akwai kuma ƙurar da ke taruwa cikin kwanon kuloci. Tsofaffin faifai da wasu masu arha suna iya ƙunsar asbestos, wanda shaƙarsa ke cutar da huhu, don haka ba a hura ta da iska, ana wanke ta ne da feshin wanke birki, a goge da tsumma. Idan ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa bai samu ba, to a wurina magana ta ƙare, a kai mota gareji.

Inda gida ya fi gareji da gaske shi ne natsuwa da zaɓin kaya, kuma a nan nake so in daɗe. Tunda wahalar duka tana cikin sauke giyabos, duk abin da ke ɓoye a bayansa ya kamata a duba shi a wannan buɗewa ɗaya. Makanike mai motoci da yawa a layi, ko mai mota da ke son a rage masa kuɗi, sukan canza faifai kaɗai su mayar da tsohon faranti da tsohon boris, wato wanda ke danna sifirin faranti idan an taka feda. Wannan ita ce arahar da ba ta ado. Sifirin farantin ya gaji tare da faifan, yatsunsa sun cinye inda boris ke taɓa su, boris ɗin kuma ya yi tafiyar da faifan ya yi, kuma idan ya fara kuka bayan wata kaɗan sai an sake sauke komai. Abin da ya dace shi ne cikakken saiti: faifai, da faranti, da boris. Sanannun masu ƙera su sun haɗa da LuK, da Sachs, da Valeo, da Exedy, da Aisin, kuma su ne ke sayar wa kamfanonin motoci da yawa tun daga masana'anta. A motocin da mastan ƙasa ke haɗe da boris a cikin kwano, shi ma a canza shi, domin ranar da ya fara yoyo zai jiƙa sabon faifai da mai. Haka nan a duba oyal sil, wato robar da ke hana mai yoyo, na bayan inji da na sandar giyabos. Idan akwai danshin mai a wurin, to shi ne ma mai yiwuwa ya kashe tsohon kulocin, kuma zai kashe sabon idan aka bar shi.

Fulawil yana buƙatar magana ta daban, domin shi ne ke raba aikin da ya dace da gida da wanda bai dace ba. Fulawil na ƙarfe guda, wanda ke cikin yawancin ƙananan motocin fetur, ana duba fuskarsa ne: idan ta yi shuɗi saboda zafi, ko ta tsattsage, ko ta yi kwari, sai a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su share ta, ko a sa sabo. Amma akwai fulawil mai hawa biyu da sifirin a tsakani, wanda kamfanin LuK ya fara fitarwa a 1985 don rage girgizar inji, kuma ya yawaita a motocin dizal da sababbin motocin fetur masu turbo. Irin wannan galibi ba a share fuskarsa, auna wasansa ake yi, idan ya wuce iyaka a canza shi, kuma yana da tsada. Akwai kuma farantin da ke daidaita kansa yayin da faifai ke cinyewa, wanda ake ɗaure shi da na'urar matsawa ta musamman, in ba haka ba saitinsa ya goce tun kafin mota ta motsa. Idan motarka tana da ɗaya daga cikin waɗannan, makaniken da ya san su kuma yake da na'urar ya fi ka dama. Lambar jikin motar za ta nuna wa mai sayar da kaya irin wanda ke ciki, kuma ya kamata ka san haka kafin ka kwance noti ɗaya.

Kurakuran mayarwa kaɗan ne, amma kowanne cikinsu yana nufin sake aikin daga farko. Faifai yana da gaba da baya, kuma yawanci akwai rubutu a jikinsa da ke nuna ɓangaren fulawil ko na giyabos. Dole ya zauna a tsakiya daidai kafin a ɗaure faranti, wannan shi ne aikin sandan daidaitawa. Notocin faranti ana ɗaure su ne kaɗan-kaɗan, a tsallake daga wannan gefe zuwa wancan, har a kai ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Notocin fulawil kuma a motoci da yawa sau ɗaya ake amfani da su. A wanke man hana tsatsa da ke fuskar sabon faranti, a shafa giris ɗan kaɗan ƙwarai a haƙoran sandar giyabos, domin wanda ya yi yawa zai fantsama kan faifai. Mafi muni shi ne barin giyabos ya rataya a kan sandarsa bayan ta shiga rabi, ko jawo shi da notoci idan ya ƙi zama. Yin haka yana lanƙwasa faifai ko ya fasa kwano. Idan ya ƙi shiga, to saiti bai yi ba, a ja baya a sake gwadawa. Makanike mai ƙwarewa ya san wannan a hannunsa, kai kuma za ka maye gurbin ƙwarewar da haƙuri da littafin gyaran motarka, da ɗaukar hoton kowace waya da kowane noti kafin ka cire.

Akwai kuma batun wanda zai ɗauki alhaki. Idan gareji mai mutunci ya yi aikin kuma kuloci ya fara rawa ko kuka, kana da inda za ka koma. Idan kai ka yi, kai ne za ka sake kwanciya a ƙasa. A ɗaya ɓangaren, ba kowane gareji ne ke amfani da sifana mai auna ɗauri ba, kuma ba ka ganin abin da aka saka da zarar an rufe kwano. Saboda haka idan ka zaɓi gareji, ka yi yarjejeniya tun farko cewa cikakken saiti za a saka, ka ga kwalin da idonka, ka nemi a kira ka ka duba fulawil da oyal sil kafin a mayar da giyabos, kuma a ba ka tsofaffin kayan.

Game da motarka, ga abin da nake gani. Idan ta fetur ce mai fulawil na ƙarfe guda, giyabos ɗinta yana fita ba tare da sauke ƙarfen ƙasa ba, kana da daɓe mai kyau da ƙafafun tokarewa da jak biyu da littafi, kuma akwai wanda ya taɓa yin aikin da zai tsaya tare da kai, to ka yi a gida, ƙwarewarka a birki ta isa tushe. Idan babu wanda ya taɓa yi a kusa da kai, shawarata ita ce ka sayi kayan da kanka, ka kai gareji, ka nemi izinin tsayawa ka kalli aikin daga farko zuwa ƙarshe. Ko wace hanya ka bi, bayan an haɗa sai a zuba man giya irin wanda littafin ya ambata, a fitar da iska daga bututun kuloci, a duba saitin tayoyi idan an taɓa ƙarfen ƙasa, sannan ka tuƙa a hankali na kilomita ɗari biyar na farko, ba fizga ba jan kaya mai nauyi. Kada kuma ka jinkirta, domin faifan da ke zamewa yana dafa fulawil da zafi, kuma idan ya cinye har ƙusoshinsa suka fito za su karce fuskar fulawil ɗin, aikin ya ƙara tsada.