CardioMEMS: na'urar kamfanin Abbott ga masu raunin zuciya

Amfanin wannan na'ura, da ake dasawa a jijiyar huhu don auna matsin jini, shi ne ta hango taruwar ruwa a jiki tun kafin ƙafa ta kumbura, domin matsin jini a jijiyar huhu yakan fara hawa makonni kafin numfashi ya yi wuya. Tsawonta milimita 15 ne kacal, kuma ba ta da batir, abin da ya fi burge mu ke nan. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2014.

Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, a ratsa ɓangaren dama na zuciya, a ajiye na'urar a reshen jijiyar huhu, galibi na hagu. Dole reshen ya kai faɗin milimita 7, in ba haka ba madaukai biyu da ke riƙe ta a wurin ba za su zauna daidai ba. Bayan dashe, a sha magungunan tsinka jini, aspirin da clopidogrel, na wata guda. Zubar jini a matsematsi da tari mai jini su ne abin lura a kwanakin farko.

Kullum da safe majinyaci ya kwanta kan matashi na musamman, matashin ya ɗauki awon matsin jinin daga na'urar, awon ya tafi wurin likita ta intanet. A gwajin na'urar da ake kira CHAMPION, mai mutum 550, kwanciya asibiti saboda raunin zuciya ta ragu da kashi 28 cikin ɗari a wata 6.

Sai dai fa ita ba magani ba ce. Idan babu mai duba awon ya daidaita maganin fitar da ruwa irin furosemide, an yi asarar kuɗi, kuma ga ta da tsada. Wanda ba zai iya shan maganin tsinka jini ba, kada a dasa masa.