Ɗakin wasan yara masu tamowa a wani asibitin karkarar Jigawa: yabo da gyara

Duk uwar da aka kwantar da ɗanta a sashen tamowa na wannan asibitin, ana nuna mata wani ɗaki da tabarmi da kwandon kayan wasa. Kyauta ne, kuma ba ƙawa ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wasa na minti 15 zuwa 30 kullum cikin matakan jinyar tamowa mai tsanani.

Tsarinsu daidai ne. Yaron da ke kan madarar F-75, wadda ake bayarwa a kwanakin farko na jinya, ba a takura masa, domin jikinsa a mace yake. Uwa ce ke rungume shi tana yi masa magana. Sai ya fara cin abinci da marmari ake zaunar da shi gaban kaya: gwangwani da ludayin bugawa, 'yar tsanar tsumma, gorar roba mai tsakuwa ciki. Gorar nan a riƙa liƙe murfinta da gam, kada ta buɗe yaro ya haɗiye tsakuwa. 'Yar tsanar kuma yawo take daga baki zuwa baki a ɗakin da gudawa ba ta ƙarewa. A ba kowane yaro tasa, a wanke da sabulu a shanya a rana.

Inda suka gaza shi ne wurin da Anna Freud, masaniyar halayyar yara, ta fi jan kunne. Ita da Dorothy Burlingham sun buɗe gidajen renon yara a Hampstead, a Landan, a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sun lura rabuwa da uwa ta fi ruwan bama-bamai gigita ƙananan yara. Sai suka bar iyaye su zo ziyara ko yaushe, suka raba yaran kamar huɗu-huɗu, kowane rukuni da mai reno guda da ba ta canzawa. A nan kuwa, jadawalin aiki na juya ma'aikata, yau wannan gobe waccan. Yaro ya fara sakin jiki da wata, washegari baƙuwar fuska ce, sai ya koma bayan uwarsa ya ƙi taɓa komai. Lokacin girbi abin ya fi muni, uwa ta koma gida, a bar shi da kaka ko yayarsa 'yar shekara goma.

A wancan lokacin, ma'aikatan Hampstead kati suke cikewa kan abin da suka gani a halin kowane yaro. A asibitin nan kuwa, nauyi da awon damtse kawai ake rubutawa. Layi ɗaya a katin jinya ya isa: ya yi murmushi? ya miƙa hannu? ya bi murya da ido? Sau da yawa murmushi kan riga ma'auni nuna sauƙi.

Malamar da ke zama da iyaye tana cewa "Maman yaro, kira sunansa, ki jira ya kalle ki" ta cancanci yabo. A bar ta a ɗakin nan dindindin, a ƙaro mata mataimakiya guda.