Wata Takwas da Tsayayyiyar Eriya a Ƙofar Ƙaura

Ƙarancin fili ne ya sa na sayi eriyar nan ta rediyon sha'awa, wanda muke magana da juna da shi ta iska, don tsakar gidanmu ba ta isa a miƙe doguwar waya ba. Sanda ce ta alminiyam, ta ɗan haura mita 5, wato rubu'in zangon mita 20 (tsawon igiyar siginar rediyo) da muke hira a kai, wajen 14 MHz.

Da farko a ƙasa na kafa ta da wayoyi huɗu a gindinta, kuma raina ya ɓaci. Irin wannan eriya rabin aikinta ƙasa ce ke yi, ƙasar Katsina kuwa yashi ne busasshe, shanye ƙarfin yake yi. Sai da na ɗora ta bisa rufin kwano na ƙara mata wayoyi sannan ta nuna halinta. Tana harba sigina ƙasa-ƙasa, daidai abin da tafiya mai nisa ke so. Da wat 100 na yi magana da Italiya da Sifaniya, wata rana da yamma har Barazil ta amsa kiran 5N, wato farkon lambar kiran tashoshin Najeriya.

Wani abokina ya so ya karya mini gwiwa, wai yawancin manyan tashoshin Turai kwantacciyar eriya gare su, ba za su ji mai tsayayya ba. Maganarsa gaskiya ce a zangon mita 2 tsakanin unguwa da unguwa, inda saɓanin kwantacciya da tsayayyiya kan cinye kusan desibel 20, wato ƙarfin siginar ya ragu wajen sau ɗari. Amma siginar da ta hau sararin sama ta dawo, murɗe ta ake yi a can, ba ta sauka yadda ta tashi.

Aibinta hayaniya, kuma ba ƙarama ba. Da an ɗauke wuta maƙwabta sun tayar da janareta, sai ƙarar ta binne duk wata siririyar murya. Inbatar sola ma haka. Lokacin hunturu ƙura na tara mata caji, ka ji tana ƙas-ƙas, dole na yi mata hanyar zubar da shi ƙasa.

Daga baya maƙwabcina, Allah Ya saka masa, ya bar ni na ɗaura waya mai mita 10 daga bedinsa zuwa gorar da na kafa. Ta fi tsit nesa ba kusa ba, sai dai nisanta daga ƙasa mita 6 ne kawai, ba ta kai ni inda sandar ke kai ni. Yanzu da wayar nake saurare, da sandar nake kira. Wanda ba shi da rufin kwano ko kuɗin wayoyin gindi, ban ba shi shawarar sayenta ba.