Gargaɗi ga masu kyamara: an sayar mini da batura 4 na jabu da sunan LP-E6NH

'Yan uwa masu ɗaukar hoto, yau kwana tara ke nan ban samu natsuwa ba. Batura huɗu na biya, kuɗin batura huɗu na asali cif na tura wa mutumin nan, cikin ukun da na gwada babu ko ɗaya da ya kai rabin awa a cikin kyamarata.

Kada wani ya ce ban san aikina ba. Shekarata bakwai da kyamara a hannu. Na san batirin LP-E6 na Canon tun zamanin kyamarar 5D Mark II yake, a 2008, mAh 1800 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka). Daga baya aka yi LP-E6N mai 1865, sannan LP-E6NH mai 2130 da ya fito tare da kyamarorin R5 da R6 a 2020. Surarsu ɗaya, rami ɗaya suke shiga, caja ɗaya ke caja su, amma tsohon LP-E6 ba ya cajuwa ta USB a cikin R6. Shi ya sa na rubuta masa ɓaro-ɓaro: NH nake so, R6 gare ni. Sau biyu na rubuta.

A intanet na ga tallarsa. Na kira shi, muryarsa a kwance, ya ce: "Yallaɓai, kai da ka san kaya ai ba za a yi maka wasa ba. Na asali ne, a kwalinsu." Wannan maganar ce ke ta yi mini yawo a ka. Har bidiyo ya turo yana saka batir a kyamara, allon ya nuna sunan batirin da adadin cajinsa. Wa zai ga haka ya yi shakka? Ɗaya na yi niyyar saye in gwada, shi ya ce in ɗauki huɗu zai yafe kuɗin aike. Na ɗauki huɗu. Huɗu!

Ranar aikin, taron yaye ɗalibai ne, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, babu maimai. A'a, kafin nan ma, daren da kayan suka iso na saka na farko, kyamarar ta ce ta kasa sadarwa da batirin, ta tambaye ni ko akwai tambarin Canon a jikinsa. Na tura masa hoton allon nan take. Ya ce sabon batir haka yake yi, in caja shi ya cika sau biyu zai daidaita. Na yarda, domin tambarin yana nan a jiki, rubutun 2130 yana nan, kuma a lokacin yana ɗaukar waya, yana ta "Yallaɓai, kwantar da hankalinka."

A wurin taron na farko ya mutu cikin minti 20. Na biyu bai kai haka ba, kyamarar ta ɗauke ana tsaka da miƙa wa wata yarinya shaidarta, mahaifinta yana tsaye yana kallona. Na uku ya yi zafi ya kumbura, ya maƙale a ramin, sai da na sa farce na yi ta ja hannuna yana rawa. Da tsohon batirina guda ɗaya na lallaɓa na ƙarasa, hotuna da yawa sun wuce ni. Kunyar da na ji a ranar ta fi mini asarar kuɗin ciwo.

Da na dawo na ɗora su a sikeli. Nawa na asali giram 80 ne ko kusa da haka, waɗannan duk sun gaza shi nesa ba kusa ba. Na kankare gefen sitikar ɗaya, sai ga wata a ƙarƙashinta, babu sunan kamfani ko kaɗan. Batirin da ya nuna a bidiyo daban, wanda ya zuba a kwali daban.

Na kira, ya ce zai canza. Washegari ya ce ai duk LP-E6 ɗaya ne, kyamarata ce ke da matsala. Kyamarar da ke yini da tsohon batirina! Kwana na uku ya toshe lambata, tallar ma ya goge ta. Amma na riga na adana komai: hirarmu, shaidar tura kuɗin batura huɗu, bidiyon, da hoton wanda ya kumbura. Zan ɗora su da zarar na rufe bayanan asusuna.

Kada ku biya sai kun saka batirin a taku kyamarar, ku duba bayanansa a allo. In ta yi tambayar tambari, ku ajiye shi.

Na huɗun yana nan a ledarsa, ko buɗewa ban yi ba. Kuɗin batura huɗu, wallahi, kuma sau biyu na rubuta masa NH.